Yadda za ka kama adon harshe a Litirecha ba tare da hadda ba, saƙo ga 'yan SS2 da SS3 na Jos

Ƙannena 'yan aji biyar da aji shida na sakandare, musamman ku 'yan ajin at da kuke son karanta Lauya ko Mas Kom wato aikin jarida ko Turanci a Jami'ar Jos ko wani wurin, wannan rubutun naku ne. Kun san dai in Lauya kake so babu yadda za ka yi sai ka samu kiredit a Litirecha, wato adabin Turanci, kuma abin da ke kayar da yawancin yaranmu ba littattafan ba ne, waɗannan kalmomin ne irin su simili, metafo, aironi, sinekdoki, yaro ya haddace ma'anarsu tsaf kamar karatun allo, amma a ajiye masa layi biyu na waƙa a ce wane ado ne a nan sai ya tsaya yana kallon silin. Ina koyar da lesin a nan cikin gari kuma abin yana damuna sosai wallahi, saboda ɗan Hausa bai kamata ya faɗi wannan ɓangaren ba sam. Duk waɗannan abubuwan kuna yin su da bakinku kullum, a gida da kasuwa da cikin keke. Kamar yaron unguwarku ne da ka sani da sunan gida tun kuna ƙanana, sai ranar da aka kira shi a asambuli ka ji sunansa na makaranta, mutumin dai shi ne, sunan ne kawai sabo. Toh ga yadda za a yi.

Mataki na farko: san inda tambayoyin suke fitowa

A WAEC Litirecha takarda 3 ce. Ta farko objektif ce, tambaya 50 cikin awa 1, a ciki 20 kan ilimin adabi ne gaba ɗaya wato waɗannan kalmomin da muke magana a kai, 5 kan wani guntun labari da ba ka taɓa gani ba, 5 kan waƙar da ba ka taɓa gani ba, sauran 20 kuma kan wasan kwaikwayon Shekispiya, marubucin nan na Ingila, da aka sa muku. Ka lissafa da kanka, tambaya 30 cikin 50 ba ruwansu da ko ka sayi littafi ko ba ka saya ba, sanin kalmomin ne kawai zai fid da kai. Takarda ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, ta uku kuma wasan kwaikwayo da waƙoƙi, su ma in ba ka iya kiran ado da sunansa ba amsarka za ta zama ba da labari kawai, makin kuma ba ya yawa. NECO da JAMB ma suna tambayar kalmomin nan. Jerin littattafan da ake karantawa yana canzawa bayan wasu shekaru, don haka ka tabbatar na shekararku ne a hannunka ba na yayanka ba, amma su kalmomin ba sa canzawa.

Mataki na biyu: buɗe littafi na musamman

Ka samu littafin rubutu guda, ko mai fale 40 ne ya isa, ka ja layi ka raba kowane shafi gida huɗu. Gida na farko sunan adon da Turanci, kuma ka kwafo shi harafi-harafi daga littafin makarantarku domin ni a nan yadda muke furtawa zan rubuta. Gida na biyu sunansa da Hausa in yana da shi, da yawansu suna da shi, malaman Hausa sun daɗe da raɗa musu suna. Gida na uku misali da Hausa wanda kai ka ji da kunnenka. Gida na huɗu misali da Turanci daga littafin da kuke karantawa. Kar ka fara da cike gida na huɗu, na uku shi ne ginshiƙi, in ka samu misalin Hausa da kanka toh ka gane abin kenan, ba zai ƙara ɓace maka ba.

Mataki na uku: koyi adon gida-gida, ba bin baƙaƙe ba

Yawancin littattafai suna jera kalmomin daga A zuwa Z, wannan shi ke rikita yara domin waɗanda suka yi kama da juna suna nesa da juna. Ka haɗa 'yan gida ɗaya wuri ɗaya ka ga bambancinsu.

Gidan kwatance shi ne na farko. Simili shi ne kamantawa, ka kwatanta abu biyu da ba jinsi ɗaya ba ka sa kalmar kamar ko tamkar ko sai ka ce, a Turanci kuma layik ko az. Ruwan randa da asubar Disamba a Unguwar Rogo sanyi kamar ƙanƙara, wannan simili ne. In ka cire kamar ɗin ka ce abu kaza shi ne kaza kai tsaye, ka shiga metafo, siffantawa kenan: Mama ce inuwar gidanmu, duniya makaranta, haƙuri maganin zaman duniya. Amma fa ka kiyaye, ba duk inda ka ga kamar ne simili ba. In aka ce Audu dogo ne kamar babansa, mutum aka kwatanta da mutum, magana ce ta yau da kullum ba ado a ciki. In aka ce Audu dogo ne kamar falwayar wuta, yauwa, nan ne ado ya shigo. Masu saita tambaya suna son wannan tarkon.

Fasonifikeshin shi ne mutuntarwa, ka ba abin da ba mutum ba halin mutum ko aikinsa. Yunwa ta kama ni. Mutuwa ba ta sallama. Rana ta leƙo. Mu Hausawa muna yin sa har ba ma lura. Ɗan uwansa shi ne afostirofi, ba wannan alamar rubutu ta sama ba, ado ne da mutum zai juya ya yi wa abin da ba ya nan ko ba ya ji magana kamar yana gabansa, irin tsohuwa a gidan makoki ta ce wayyo mutuwa me muka yi miki, ko a ce ke duniya! Bambancin shi ne a mutuntarwa ana magana a kan abin, a afostirofi da abin ake magana.

Sai simbolizim, alamtarwa, abu ya tsaya a madadin wata ma'ana da ta fi shi girma. Tutar Najeriya kore noma ne, fari zaman lafiya. Goro a wurinmu ba abin tauna ba ne kawai, in an ce an kai goro kowa ya san maganar aure ce. A littafi in ka ga marubuci yana ta maimaita wani abu, bishiya ko kogi ko tsohon agogo, ka tsaya ka tambayi kanka me wannan abin yake wakilta.

Gida na biyu shi ne na ƙara gishiri da rage shi. Haifabol kambamawa ce: na kira ka sau dubu, kasuwar Farin Gada ta cika ba masaka tsinke. Kishiyarsa litotis, ka tabbatar da abu ta hanyar kore akasinsa, kuma mu ne sarakan wannan. Ai wane ba ƙaramin mutum ba ne, ma'ana babba ne ƙwarai. An tambayi ɗan kasuwa ya ciniki bayan ya sayar da buhun dankali tas, ya ce ba laifi. Sai yufemizim, sakaya magana saboda kunya ko tausayi: ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, tana da juna biyu, bari in kewaya. Duk yaron da ya tashi a gidan Hausa ya san ba a kiran wasu abubuwa gatsau, toh sunan wannan tarbiyyar a ajin Litirecha shi ne yufemizim, shikenan.

Gida na uku a nan zan daɗe domin a nan aka fi zubar da maki, gidan saɓani. Su huɗu ne: aironi, oksimoron, faradoks, antitesis.

Aironi iri uku ne kuma dole ka san ukun. Na baki shi ne gatse, yaro ya fasa fulas ɗin shayi uwarsa ta ce sannu da aiki ka kyauta, abin da ta faɗa daban abin da take nufi akasinsa. Na yanayi shi ne abu ya juye ya zama akasin abin da kowa ke zato, mai ga-ruwa ya wuni yana kai wa mutane ruwa ya koma gida ya tarar babu ko ɗigo a randarsa. Na uku shi ne na wasan kwaikwayo, diramatik aironi, mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Ka tuna lokacin da ake kallon fim a gida, an zuba wa mutum magani a abinci muna gani, shi kuma ya shigo yana wanke hannu yana godiya, ƙannenka suna ihu kar ka ci kar ka ci, wannan ihun nasu shi ne shaidar diramatik aironi ya yi aiki. A wasannin Shekispiya yana da yawa ƙwarai, ka sa ido.

Oksimoron kalma biyu ne masu karo da juna a manne wuri ɗaya, gawa mai rai, wawa mai wayo. Faradoks kuma jimla ce sukutum da za ka ji kamar ba ta da kan gado, sai ka yi tunani ka ga gaskiya ce, sauri ya haifi nawa, yaya sauri zai kawo jinkiri, amma duk wanda ya taɓa fita a guje ya manta katin jarabawa ya dawo ya san haka ne. Antitesis shi ne a jera ɓangare biyu masu kishiyantar juna da tsari iri ɗaya: talaka na kwana da yunwa, mai kuɗi na zubar da tuwo. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne ka ƙirga. Kalma biyu a jere, oksimoron. Jimla ɗaya mai sa ka ce kai yaya haka, faradoks. Ɓangare biyu da suka fuskanci juna, antitesis.

Gida na huɗu 'yan biyu ne, metonimi da sinekdoki. In ka ji a rediyo an ce Abuja ta amince, ba garin ne ya amince ba, gwamnatin tarayya ake nufi, an kira ta da abin da ke da alaƙa da ita. An ba wane rawani, sarauta ake nufi. Fada na kiranka. Duk metonimi ne. Amma in magidanci ya ce baki goma nake ciyarwa, ko manomi ya ce ina neman hannu a gona, baki da hannu sassan jikin mutum ne, an ɗauki ɓangare an kira duka da shi, sinekdoki kenan. Tambaya ɗaya za ka yi: abin da aka ambata yanki ne na jikin abin da ake nufi ko kuwa dai alaƙa ce kawai? Yanki, sinekdoki. Alaƙa, metonimi.

Gida na biyar na sauti ne, kunne ake sawa ba ido ba. Alitireshin maimaita baƙi ɗaya ne a farkon kalmomi na kusa da juna, irin wasan da muka yi muna yara, ƙato ya yi ƙoto kwaɗo ya yi ƙoto. Asonans maimaita wasali ne a cikin kalmomi. Onomatofiya kalmar da ke kwaikwayon ƙarar abu ce, ya faɗi tim, ƙofa ta bugu garam, ruwa na zuba shaaa. Amma fari fat da ja wur ba sa ciki, domin fari ba shi da ƙara, wannan ƙarfafawa ce kawai. A Turanci ka yi hattara domin rubutu da furuci ba sa tafiya tare, kalma biyu za su fara da harafi ɗaya amma sautin daban, don haka ka furta a hankali ko a zuci ne.

Akwai kuma alushin, ka taɓo wani sanannen labari ko mutum ba tare da ka ba da labarin ba. Haƙurin Annabi Ayuba, dukiyar Ƙaruna, wane Fir'auna ne. Har namu na gida, gaba ta kai ni gobarar Titi, wanda ya sani ya san ana nufin asarar da ta zamo alheri. Marubutan Turanci suna yawan taɓo Baibul da tatsuniyoyin mutanen Girka, toh a nan mu 'yan Jos muna da sa'a, a aji ɗaya kake da Kiristoci, in ka ci karo da sunan da ba ka gane ba ka tambayi abokinka kawai, sau da yawa ma za ka tarar labarin ka san shi, Nuhu ne ko Yusuf ko Ayuba. Sataya kuma zambo ne, a yi wa mugun hali dariya don a gyara. Tambayar da ba a jiran amsarta, irin wa ya isa ya ja da ikon Allah, ita ce retorikal kwascin.

Mataki na huɗu: fita farauta

Kullum ka ɗauki ado biyar kacal. Da safe ka karanta ma'anarsu, sannan duk inda ka shiga ranar ka kasa kunne, cikin keke daga Bauchi Road zuwa Taminus, wurin mai shayi, huɗubar Juma'a, rubutun bayan tirela, faɗan mata a tsakar gida wanda habaici ne zalla, kirarin da ake yi wa ango. Da ka ji ɗaya ka rubuta a gida na uku. Da dare ka buɗe littafin Turancinku ka nemo irinsa ka cike gida na huɗu. In kun kai ku uku ko huɗu ya fi daɗi, ɗaya ya faɗi jimla sauran su faɗi sunan adon da dalili, wanda bai kawo dalili ba bai ci ba ko da ya dace.

Mataki na biyar: kalmomin labari da wasan kwaikwayo

Waɗannan sun fi sauƙi, guda ɗaya ce ke ba da wahala, wato bambancin fulot da tim. Fulot shi ne zubin labari, yadda abubuwa suka faru ɗaya ya jawo ɗaya. Tim shi ne jigo, saƙon da ke ƙarƙashi. An aurar da yarinya ga wanda ba ta so, ta gudu, iyaye suka yi nadama, wannan fulot ne. Illar auren dole shi ne jigo. In an tambaye ka jigo kai kuma ka kama ba da labari daga farko har ƙarshe, ka cika shafi uku a banza.

Setin shi ne wuri da lokaci da yanayin zaman mutanen. Furotagonis babban tauraro, antagonis mai adawa da shi, kuma ba dole tauraron ya zama mutumin kirki ba, shi dai labarin a kansa yake. Tauraron da yake canzawa yana da fuskoki da yawa raund ne, wanda halinsa ɗaya daga farko har ƙarshe fulat. Foyil shi ne wanda aka ajiye kusa da tauraro don halinsu ya bambanta a ƙara ganin na tauraron, kamar Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya. Falashbak waiwaye ne, a koma baya a nuna abin da ya wuce. Foshadowin kuma a ɗan haska abin da zai zo, mafarki ko kukan mujiya ko wata magana da wani ya yi a wasa. Konflikt rikicin da ke tuƙa labarin, kilaimaks inda ya kai ƙololuwa, denuma inda aka warware. In mai ba da labari yana cewa ni, mutum na farko ne. In yana cewa shi da ita kuma ya san abin da ke zuciyar kowa, mutum na uku ne masanin komai na labarin.

A wasan kwaikwayo ka riƙe ukun nan da kyau. Soliloki, ɗan wasa shi kaɗai a dandali yana faɗin abin da ke ransa. Asayid, akwai mutane a wurin amma ya juya ya yi gajeriyar magana da masu kallo ne kawai ake ɗauka sun ji. Monolog, doguwar magana ta mutum ɗaya alhali wasu na saurare. Tirajedi wasa ne da babban mutum ke faɗuwa saboda wani aibi a halinsa, girman kai ko kishi ko kwaɗayin mulki, aibin shi ne tirajik fulo ko hamatiya, kuma wannan tausayi da tsoro da ke kama mai kallo har ya ji zuciyarsa ta yi wasai shi ne katasis, kalmomin sun samo asali tun daga Aristotal na Girka. Komik rilif ɗan barkwanci ne da ake sakawa a tsakiyar tashin hankali don a sarara.

Mataki na shida: waƙa, da yadda ake fid da amsa-amo

Layi ɗaya ɗango ne, tarin ɗango baiti ne wato istanza. Mai layi 2 kofulet, mai 4 kwatiren, mai 6 sestet, mai 8 oktef. Wanda ya yi Hausa a makaranta ya san ƙwar biyu da ƙwar biyar, tunanin ɗaya ne. Rayim shi ne amsa-amo, ga yadda za ka fid da tsarinsa: ka je kalmar ƙarshe ta layin farko ka rubuta harafin a a kusa da ita. Ka sauko layi na biyu ka furta kalmar ƙarshe, in sautinta ya yi daidai da ta farko ita ma a, in bai yi ba b. Haka za ka yi ta sauka, duk sabon sauti sabon harafi, duk wanda ya dawo ka mayar masa da harafinsa na da.

Sonet layi 14 ne. Irin na Italiya ya rabu 8 da 6, irin na Shekispiya kwatiren uku da kofulet ɗaya, tsarinsa abab cdcd efef gg. Da ka ga gajeriyar waƙa a takarda ka fara ƙirga layukan, daƙiƙa kaɗan ne amma yakan ba ka maki a ɓagas. Elegi marsiyya ce, waƙar makoki. Od waƙar yabo ce da ake fuskantar abin yabon. Balad waƙa ce mai ba da labari, efik doguwa ce ta jarumta. Blank bas tana da kari amma ba amsa-amo, firi bas ba kari ba amsa-amo, kar ka haɗa su. In magana ba ta ƙare a layi ba ta gangara na ƙasa ba tare da aya ko waƙafi ba, enjambimen kenan, a Hausa gangara. Sannan mai magana a cikin waƙa ana kiransa fasona, ba lallai shi ne mawaƙin ba. Ton shi ne yadda mai maganar ya ɗauki abin, fushi ko ba'a ko kewa. Mud shi ne abin da kai mai karatu ka ji a ranka.

Mataki na bakwai: yadda ake rubuta amsar da ke cin maki

Nan ne komai ke haɗuwa. Kowane ado da ka gano abu uku za ka yi masa: ka faɗi sunansa, ka kawo kalmomin da ke nuna shi daga cikin waƙar, ka faɗi aikin da ya yi wa ma'ana. Yawancin yara suna tsayawa a na biyu, alhali makin yana na uku. Bari in tsara layi uku a kan garinmu mu gwada:

Hazo ya sauko ya rufe wa Dutsen Shere ido,
Kududdufan kuza sun yi shiru kamar kaburbura,
Ƙasar da ta ciyar da Ingila, 'ya'yanta na neman na koko.

Amsa mai rauni za ta ce akwai mutuntarwa a layi na 1, akwai kamantawa a layi na 2, ta tsaya. Amsa mai kyau za ta ce mawaƙin ya yi mutuntarwa inda ya ce hazo ya rufe wa dutse ido, ya mai da dutsen kamar mutumin da aka hana shi ganin abin da ke faruwa a ƙasarsa, wannan ya sa waƙar ta fara da duhu da damuwa. Sannan ya kamanta kududdufan da haƙar kuza ta bari da kaburbura, domin ya nuna abin da ya taɓa zama arziki yanzu ya koma wurin mutuwa da kufai. A layi na 3 akwai aironi na yanayi, ƙasar da aka kwashi arzikinta aka kai waje ita ce 'ya'yanta ke fama da abin karin kumallo, kuma Ingila a nan metonimi ce ta Turawan mulkin mallaka da kamfanoninsu. Daga nan sai ka ɗaure da jigo, wato yadda aka ci moriyar ƙasa aka bar masu ita da ramuka, ton ɗin kuma na takaici ne. Ka ga layi uku sun ba ka sakin layi guda cikakke, kuma babu inda ka ba da labari.

In waƙar da ba ka taɓa gani ba ce, ka karanta ta sau uku. Karon farko don ka san wa ke magana kuma a kan me. Karo na biyu da fensir, kana ja wa duk abin da ba zai yiwu a zahiri ba layi, domin duk inda magana ta ƙi zama gaskiya a zahiri toh akwai ado a wurin, dutse ba shi da ido, ƙasa ba ta dafa abinci. Karo na uku bayan ka karanta tambayoyin. A objektif kuma ka fara da gano gidan, in layin maganar sauti ce ka soke duk zaɓin da ke gidan kwatance ko saɓani, yawanci biyu ne za su rage, sai ka yi musu gwajin da muka yi a sama.

Mataki na ƙarshe: fas kwascin da agogo

In ya rage wata biyu ko uku ka nemi fas kwascin, wato tambayoyin jarabawar shekarun baya, ana samunsu a shagunan littattafai na cikin gari ko ka ara wurin waɗanda suka gama, ka riƙa yin tambaya 30 ɗin nan na farko kana duba agogo, minti 35 ya kamata su ɗauke ka don ka bar sauran wa Shekispiya. Duk wadda ka faɗi kar ka duba amsa ka wuce, ka koma littafinka ka ƙara sabon misali a gidan wannan adon. Kuma dan Allah ka riƙa rubuta sunayen da Turanci da hannunka har sai hannun ya saba, irin su onomatofiya da yufemizim da soliloki rubutunsu ba yadda ake furta su ba ne, kuma mai makin takarda ba zai ji daɗi ba in ka san abu amma ka kasa rubuta sunansa. A takarda ta biyu tambaya 2 za ka amsa cikin awa 1 da minti 15, ka ba kowace minti 35 ka bar 5 na dubawa. A ta uku tambaya 4 cikin awa 2 da rabi, nan ma minti 35 kowace, ragowar 10 ka koma ka duba ko kowane adon da ka ambata ka kawo kalmominsa kuma ka faɗi aikin da ya yi.